Tsohon kwalin Gundam na yen 300: in haɗa shi ko in bar shi a kwalinsa?

Dan_Fagge88: Salam 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu haɗa butum-butumin roba a gidan nan. Wani abokin yayana da ke zuwa Japan sarin kayan mota ya zo min da kwalaye biyu na gwanjo, ɗaya Gundam na farko ne, butum-butumin shirin katun ɗin nan na Japan, RX-78-2 na 1/144 (wato an rage girmansa gida 144), ɗayan kuma Zaku kore, abokin gabarsa a shirin. Kwalin ɗan ƙarami, zanen hannu ne a jikinsa, an rubuta 300 a gefe. Da na buɗe na Gundam sai na ga robar fara ce fat gaba ɗaya, ba ja ba shuɗi, kuma takardar ciki tana nuna sai an sa gam. Ni HG (High Grade, samfurin zamani) na saba da shi wanda za ka datse ka danna ya shige. To in haɗa su ne ko in ajiye tunda tsofaffi ne kar in ɓata abu mai daraja? Kuma tsakani da Allah waɗannan tsofaffin suna yin kyau in an gama ko suna ne kawai?

Mai_Samfefa: Wa alaikumus salam. Kafin komai ɗauko mana hoton kwalin ta gefe da ta ƙasa. Ba kowane kwali mai tsohon zane ne tsoho ba. Bandai, kamfanin da ke yin su, ba su jefar da mazubin 1980 ba, lokaci lokaci suna sake zuba waɗannan kayan su sa a kwali mai zane iri ɗaya, har farashin ma ya yi shekaru da yawa bai motsa daga 300 ba sai haraji da ake ɗorawa. Duba tambarin kamfanin. In shuɗi ne to na kwanan nan ne, bayan 2018 da harkar ta koma hannun Bandai Spirits. In jan nan ne mai kusurwa huɗu to daga 1983 ne zuwa sama, tazarar tana da faɗi. Na farko farkon wani tsohon tambari ne daban a jikinsu kuma ba su da layukan nan da ake haskawa a kanti.

Dan_Fagge88: Ja ne Oga, kuma akwai layukan kanti a gefe. Amma a jikin firam ɗin robar da sassan suke manne a kai an rubuta 1980 fa.

Mai_Samfefa: Wannan 1980 ɗin shekarar da aka sassaƙa mazubin ce, ko jiya aka zuba robar haka za ta fito. Haɗa abinka ƙanena, ba gadon kowa za ka ɓata ba.

Sadiq_RX: Hhh wlh ni shawarata kar ma ka wahalar da kanka. Na ga irinsa a hannun wani, tsaye yake ƙiƙam, ƙugu ba ya juyawa, ƙafa da kyar take ɗagawa, ga layin haɗi ya tsaga shi biyu daga kai har ƙafa. Zakun ma ya fi muni don tafin ƙafarsa a manne yake da ƙwauri. Entry Grade, na sababbin shiga, a yen 700 ya fito a 2020, ba gam ba fenti ba ko almakashi, kuma ya ninka wannan kyau. Me za ka yi da wahala?

Baban_Khalifa: Sadiq ɗana, abin da ka faɗa kan motsi gaskiya ne amma ma'aunin da ka ɗauko ne ba nasa ba. Kana auna abin Yulin 1980 da abin da aka yi bayan shekara 40. Lokacin da ya fito, kayan wasan Gundam da ke kasuwa na kamfanin Clover ne, na ƙarfe masu ƙyalƙyali da aka yi don ƙananan yara, ba su ma yi kama da na talabijin sosai ba, kuma ba su yi kasuwa yadda ake so ba har aka gajarta shirin ya tsaya a kashi 43 a Janairun 1980. Bayan shirin ya ƙare da wata 6 Bandai suka fito da wannan ɗan farin, kuma shi ne karon farko da yaro zai riƙe abin da ya yi kama da wanda yake gani a allo da kuɗin da bai fi ƙarfin aljihunsa ba. Daga nan kasuwa ta haukace, har a Janairun 1982 yara suka yi turmutsutsu a kan matakalar lantarki ta wani kanti a Matsudo cikin Chiba wajen rububin saye, wasu suka ji rauni. Clover kuwa 1983 suka rufe. To in za ka yi masa hukunci ka tambaya, siffarsa ta kama zanen Kunio Okawara, wanda ya zana Gundam? Rabi da rabi suna haɗuwa ba babban giɓi? Nawa aka sayar da shi? A nan ni dai ya ci jarabawa.

Sadiq_RX: Na ji Baba, tarihi kam akwai. Amma ni abin da zan ɗora a kan tebur nake magana, baƙo in ya shigo ba tarihi zai gani ba.

Injiniya_Zariya: Baƙo zai ga hannun wanda ya haɗa ne. HG ɗin yanzu in mutum goma suka haɗa duk iri ɗaya zai fito, wannan kuwa mutum goma abu goma. @Dan_Fagge88 ga yadda nake yi in za ka gwada. Fara da wanke firam ɗin da ruwa da sabulun wanke-wanke ya bushe. In ka datse ɓangarorin kar ka yi saurin sa gam, haɗa su haka nan ka gani, sau da yawa 'yan ƙusoshin robar da ke ciki su ne suke karkatar da rabin ya hau kan ɗan'uwansa. In ka ga haka yanke su da reza gaba ɗaya, ka shimfiɗa samfefa mai lamba 400 a kan gilashi ka goga bakin kowane rabi a hankali har ya kwanta. Sannan ka shafa gam ɗin roba a duka ɓangarorin biyu, ka ɗan jira robar ta yi laushi, ka matse har ka ga narkakkiyar roba ta tsattsafo a kan layin. Kar ka goge ta, kar ka taɓa ta da yatsa. Ɗaure da robar ɗaure kuɗi ka ajiye ka manta da shi kamar mako guda, don in ka yi gaggawar gogewa daga baya layin zai lotsa ya dawo bayan ka riga ka yi fenti. In ya bushe ka kankare da bayan reza ka bi da 400, 600, 1000. Layin nan da Sadiq yake kuka da shi ɓacewa yake yi kamar ba a taɓa yinsa ba.

Abu ɗaya da za ka kiyaye, gaɓoɓin tsofaffin nan a tsakanin rabi biyu ake danne su, in gam ya gangara ya taɓa sandar gwiwa ko ta kafaɗa to shi kenan ta daskare har abada.

Abba_Kwalli: Wane irin gam? Sufa gulu na shago zai yi?

Injiniya_Zariya: Zai riƙe amma ba aikinsa ɗaya da gam ɗin roba ba. Na roba irin Tamiya mai koren murfi ko Mr. Cement narkar da robar yake yi ta zama abu ɗaya. Sufa gulu mannewa kawai yake, ya fi robar tauri wajen gogewa, kuma yana barin farin hazo a gefe. Inda yake da amfani shi ne cike rami, ka ɗiga ka barbaɗa baking soda ta kek a kai, nan take ya ƙame ka goge.

Ummu_Hanan: Sannunku da ƙoƙari. Ni da yarona muke haɗawa in an yi hutu, kuma gsky tsofaffin sun fi koya masa haƙuri, sai dai warin gam ɗin nan ba na wasa ba ne, a tsakar gida muke yi ba a ɗaki ba. Abin da zan ƙara, wanda bai da kuɗin almakashin Japan abin yanke farce sabo yana yi, ka yanka nesa da jikin kayan ka ƙarasa da reza. Tsohuwar roba in ta daɗe tana da saurin tsagewa musamman eriyar goshin Gundam, ita ce ta farko da take karyewa.

Dan_Fagge88: Na gode Anti. Eriyar kam na gan ta, siririya ce ƙwarai.

Nura_Mecha: Wai duk wannan ba Voltron ba ne da ake nuna mana a NTA muna yara?

Baban_Khalifa: A'a Malam Nura, gida daban ne. Voltron Amurkawa ne suka ɗauko wani shirin Japan na 1981 mai zakuna biyar suka sake masa suna a 1984. Ƙasa ɗaya dai suka fito. Amma na san da yawanmu nan ta ƙofar Voltron muka shigo son abin.

Maradi_227: Mu nan wajenmu Goldorak muka sani, ta hannun Faransa ya zo, a kaset muka gane shi. Gundam sai da intanet ta zo. Tambayata ita ce zafi. Nan Maraɗi watan Afrilu ɗaki kamar tanda yake, robar ba ta lanƙwashewa?

Mai_Samfefa: Zafin ɗaki bai cika lanƙwasa ta ba, abin tsoro shi ne rana kai tsaye da cikin mota a rufe. Rana kuma tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, shi ya sa tsofaffin farare da yawa za ka gansu sun yi kalar haƙori. In za ka yi fenti wannan ba matsala ba ne, fenti zai rufe. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba lokacin fenti, ka fesa ka kifa kwali a kai nan da nan. Da damina kuma in iska ta yi laima fentin ƙarshe mai sheƙi yana yin fari fari, gara ka jira rana ta buɗe.

Abba_Kwalli: To fentin fa, nan Kano ina za a samu Mr. Color, fentin da aka yi don irin wannan aikin? Ni fentin gwangwani na masu babur nake gani.

Injiniya_Zariya: Shi ma yana yi in ka iya da shi, amma tinarsa tana da zafi, in ka tsaya kusa ka jiƙa robar za ta yamutse. Nesa nesa, sama sama, ka bari ya sha iska ka sake. Gwada a kan ragowar firam tukuna. Kuma kar wanda ya kusantar da abin goge jan farce ko tinar mota ga robar nan wai zai wanke fenti, cinye ta yake. Wanda yake son burushi fentin akirilik na masu zane ya isa in an yi shimfiɗa ta farko a ƙasa, ai yaran Japan na 1980 da burushi suka yi nasu.

Sadiq_RX: Kun ga abin da nake faɗa ko, gam, samfefa kala uku, fenti, jiran mako guda, duk a kan abin yen 300. Kayan aikin sun fi kayan tsada hhh. Kuma bayan duk wannan gwiwar za ta saki tunda sai 1990 da HG ya zo aka fara sa polikaf.

Dalibi_a_Nagoya: Gyara kaɗan Sadiq, 'yar roba mai laushin nan ta gaɓa ta riga HG, kayan Zeta Gundam na 1985 suna da ita. Haɗi ba gam ya zo wajen ƙarshen shekarun 1980, HG kuma 1990. Amma maganar sakin gaɓa gaskiyarka ce, roba mai tauri a kan roba mai tauri in ana juyawa cinyewa take. Abin da na ga tsofaffin masu haɗawa a nan suna yi iri biyu ne. Wasu su shafa sufa gulu siriri a kan sandar gaɓar su bari ya bushe sarai kafin su haɗa, sai ta yi kauri ta kama. Wasu kuma su yanke gaɓoɓin gaba ɗaya su zura wayar alminiyom mai kaurin milimita 2 ko 3 a ciki su lanƙwasa shi tsayuwar da ke jikin kwali su bar shi a haka. Har saman cinya suke ɗan fere wa don ƙafafun su buɗe waje, wlh wannan kaɗai yana canza Zaku, daga tsayuwar fareti ya koma kamar mai shirin faɗa.

Maganar daraja kuma @Dan_Fagge88, shagunan gwanjo a nan irin Mandarake da Suruga-ya cike suke da masu jan tambari, ba abin da ake rububi ba ne. Wanda masu tarawa suke nema shi ne mai tsohon tambari da ledarsa ba a farke ba da ɗan ƙunshin gam ɗin da ake sakawa a ciki a da.

Baban_Khalifa: Madalla da ɗalibi. Ka taɓa leƙawa Shizuoka? Can ne cibiyar abin, Tamiya da Hasegawa da Aoshima duk can suke, masana'antar Bandai ma can take, gininsu na Hobby Center 2006 aka buɗe.

Dalibi_a_Nagoya: Na je baje kolin da suke yi duk watan Mayu Baba. Teburan ƙungiyoyin masu haɗawa sun fi na kamfanoni ɗaukar hankalina, za ka ga dattijo da furfura ya jera tsofaffin kayan Gundam na jerin MSV na 1983 ya yi musu tsatsa da laka kamar tankokin yaƙi, mutane sun fi tsayawa a kansu fiye da sababbi.

Abu_Sumayya: Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga layi, ajiye irin waɗannan masu siffa a ɗaki ya hukuncinsa yake?

Admin_Garba: Malam tambaya ce mai kyau amma a kai ta wajen malamai, nan ba mu da mai ba da fatawa kuma in aka fara ba za a gama ba. A ci gaba da maganar roba.

Kabiru_Valk: Ni abin da yake ba ni haushi duk hirar tsofaffin kaya sai ta ƙare a Gundam kamar shi kaɗai aka yi. Ina kayan sauran shirye-shiryen Japan irin Macross na 1982? Ina Dougram da Votoms na kamfanin Takara? Scopedog na Takara mai 1/24 da ya fito zamanin shirin Votoms a 1983 har yau in ka ajiye shi kusa da na yanzu ba zai ji kunya ba, ya fi duk wani Gundam na shekarunsa kyan ƙira nesa ba kusa ba, ku faɗa min in ƙarya nake.

Nura_Mecha: Macross ɗin ma ai Bandai ne.

Kabiru_Valk: Daga baya ne. Asali Imai da Arii ne suka yi su, Valkyrie mai rikiɗa daga jirgin sama zuwa butum-butumi na 1/72 na Imai ne, sai daga baya mazubin ya koma hannun Bandai suka ci gaba da zubawa da sunansu. Kuma wanda ya ci karo da kwalin Revell mai suna Robotech Defenders na wajen 1984 a gwanjon Amurka ya buɗe da kyau, kayan Japan ne irin su Dougram aka sake wa kwali da suna.

Mai_Samfefa: Scopedog kam ban musa ba. Amma Valkyrie mai rikiɗar nan ban ba sabon shiga shawara ba, sassa sun yi yawa, kuma duk rikiɗa ɗaya fenti yana kankarewa a inda suke gogar juna. Ga sitikar ruwa ta tsofaffin nan, tana shiga ruwa sai ta wargaje gutsi gutsi. Wanda zai yi amfani da ita ya fara gwada wata wadda ba ya buƙata, in ta fashe ya fesa wa takardar fenti marar kala siriri ko ya shafa Liquid Decal Film na Microscale kafin ya yanka. In ta yi ruwan ɗorawa ne kawai a manna ta a jikin taga ta sha rana, tana washewa.

Ummu_Hanan: Ikon Allah, ranar da take ɓata roba ita take gyara sitika.

Hamza_Gwanjo: Ku yi hattara da na jabu kuma. Na taɓa yin odar wani tsohon kaya a intanet wajen wani mai sayarwa, hoton kwalin Japan ya sa, abin da ya iso robar har walƙiya take kamar ta bokiti, fuska a narke, gefe duk ɓawon roba, ga kuɗin aikowa da na kwastan sun fi kuɗin kayan. Ku ce a nuna muku firam ɗin, na gaske akwai sunan kamfani da ƙasar da aka yi a jiki.

Injiniya_Zariya: Ɓawon roba a gefe ba kullum yake nuna jabu ba Hamza, mazubin da ya shekara 40 yana aiki dole ya ɗan gaji, na gaske ma sabon zubi kan zo da shi kaɗan. Wannan ma yana cikin dalilin da wasu suke neman zubin farko ba don ajiya ba, don layukansa sun fi kaifi. Ni in zan auna tsohon kaya abin da nake fara dubawa kai ne da ƙirji, in waɗannan sun yi daidai sauran duk gyaruwa suke. Zakun 1/144 kansa yana da kyau, ƙafar ce matsala. Gundam ɗin kuma fuskarsa ƙarama ce ƙwarai, abu ne mai tsawon santimita 12 da rabi tunda mita 18 aka raba gida 144, idonsa sai da tsinken sakace nake ɗiga masa rawaya.

Baban_Khalifa: Mu da muka taso muna fere ƙara da yanka gwangwanin madara muna ƙera mota, wannan aikin ba baƙo ba ne a hannunmu, abin da babu a kwali kai za ka ƙirƙira. Shi ya sa nake ce wa yaran nan su gwada ko guda ɗaya.

Sadiq_RX: Baba ni fa ban hana kowa ba, amma a daina cewa ya fi na yanzu. In Dan_Fagge ya gama ya sa hoto kusa da HG ɗinsa mu gani da ido.

Kabiru_Valk: Ba wanda ya ce ya fi, cewa aka yi ba a auna su da mudu ɗaya.

Hamza_Gwanjo: Ni dai da nawa ne ɗaya zan haɗa in bar ɗaya a leda. Jan tambari ma ai an daina buga shi, wa ya san nan da shekara 20.

Dalibi_a_Nagoya: An buga su da yawan da ba na jin za su yi wuya Hamza, amma kwalin kam kar a yar, zanen jikinsa ya isa a sa a firam a rataye.

Dan_Fagge88: Na gode kowa da kowa Allah ya bar zumunci. Zakun zan fara da shi tunda kore ne ko fentin bai yi kyau ba ba zai tona min asiri ba, Gundam ɗin zan ɗan dakata tukuna in ga yadda hannuna zai yi. Injiniya hannun Zaku fa, tunda damtsen a cikin kafaɗa ake danne shi, fenti zan fara yi kafin in rufe ko in rufe in goge sannan in yi?

Injiniya_Zariya: Gama na ciki tukuna, gam, gogewa, fenti. Sai ka naɗe shi da tef ɗin takarda ka rufe na wajen a kansa ka goge layinsa ka yi masa nasa fentin, a ƙarshe ka zare tef ɗin da hantsaki. Kar ka sa salatef na ofis, yana ɗago fenti.

Maradi_227: Wanda ya san mai kawo gam ɗin Tamiya Kano ko Katsina ya taimaka ya yi min magana ta ciki, masu aikowa daga waje da yawa ba sa yarda su sa shi a jirgi.